Zancen Iyali: Karatun Renon Yara da Kula da Gida a Jami'a

 Zancenmu na wannan wata ya samo asali daga wani magidanci, manomi ne daga wani ƙauye tsakanin Bichi da Dambatta. Ya zo wurinmu tare da 'yarsa, yana riƙe da takardar sakamakon jarrabawarta a naɗe cikin leda. Yarinyar kuwa ta yi ƙoƙari ƙwarai. Ta ci Turanci da Lissafi da Hausa da waɗansu darussa uku da kyau. Tun tana ƙarama ita ce mai goyon ƙannenta, burinta kuma shi ne ta karanta ilimin renon yara da kula da iyali a jami'a. Ta nema, ba a ɗauke ta ba.

Bayan gaisuwa uban ya ce, "Malam, ku duba mini takardan nan. Ina ce karatun girki da goyo ne? Wace mace ce ba ta koyi wannan a ɗakin uwarta ba? Ƙaƙa za a ce wadda ta ci darasi shida ba ta isa ba?"

Muka warware takardar, muka bi ta layi layi. Babu Kemistiri a ciki, watau ilimin sinadarai. Muka tambayi yarinyar dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ran da muka shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka ce masu son kimiyya su tsaya nan, sauran su tsaya can. Ƙawayena duka suka tafi can, ni ma na bi su. Ba wanda ya gaya mini."

Ashe ƙofar ta rufe tun shekara 3 da suka wuce, ran da yarinya 'yar shekara 15 ta bi ƙawayenta, ubanta kuwa yana gona bai sani ba. Domin kada wannan ya sami wani gida, bari mu bi maganar daki daki.

Wane irin karatu ne wannan?

A cikin littafin da hukumar JAMB take fitarwa kowace shekara, za ku tarar da sunansa da Turanci, a wani wuri "Home Economics", a wani wuri kuma "Home Science and Management". Yana da manyan rassa huɗu: abinci da gina jiki, tufafi da ɗinki, tafiyar da gida da dukiyarsa, sa'an nan girman yaro da zaman iyali. Reshe na ƙarshen nan shi ne yarinyarmu take so. A yawancin jami'o'inmu ba a shigarsa shi kaɗai tun daga farko. Sai ɗalibi ya bi ta babban sashen, ya koyi rassan duka, kāna ya karkata ga wanda ya fi so.

Akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. A can karatun yana ƙarƙashin ɓangaren horar da malamai, masu neman digiri na biyu kuma suna iya keɓe kansu ga girman yaro da zaman iyali. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, tana koyar da shi tun shekarunta na fari. Jami'o'in aikin gona na Makurdi da Abeokuta, waɗanda aka kafa a 1988, su ma suna da sashensa. Ku lura da inda ake ajiye shi: ko dai tare da masu koyon malanta, ko tare da masu ilimin noma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ba karatun tuƙa tuwo ba ne.

Me ya kawo Kemistiri cikin zancen goyo?

Wadda ake ɗauka uwar wannan ilimi a ƙasar Amurka, Ellen Richards, masaniyar sinadarai ce. A 1871 ta zama mace ta farko da ta fara karatu a babbar makarantar fasaha ta MIT. Aikinta shi ne gwada ruwan sha da abinci, ta ga abin da yake cikinsu wanda ido ba ya gani. Ita ce kuma shugabar farko ta ƙungiyar masu wannan ilimi da aka kafa a 1909. Tun daga tushe, ke nan, karatun gida da ɗakin gwaji tare suke tafiya.

A nan Afirka ta Yamma kuma akwai labarin wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A 1933 ta rubuta bayanin wani ciwon yara, mai sa ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta yi ta saɓulewa. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga na wajen Akra suke kiransa, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da yake kama yaron da aka yi wa ƙane aka ture shi daga nono. Ku duba fa. Iyaye matan wurin sun riga sun san ciwon, har sun raɗa masa suna, sun kuma san lokacin da yake zuwa. Abin da likitar ta ƙara shi ne ta danganta shi da irin abincin da ake ba yaron bayan yaye, kunun masara zalla. Ba muna raina sanin iyayenmu mata da kakanninmu ba ne, ko kaɗan. Su suka goye mu har muka girma. Amma akwai abin da sai an auna kafin a gane shi.

Mu dawo gida. Yaron da aka yaye ana ɗura masa kunun gero zalla, cikinsa zai cika, amma jikinsa ba zai ginu yadda ya kamata ba sai an haɗa masa da gyaɗa ko wake ko waken soya, da ganye irin su zogale, da ɗan mai. Gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna a rumbu tana iya ɗauke da dafi mai lahanta hanta, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. Maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake yakan bi wake har cikin tukunya idan an yi garaje. Wanda zai koya wa mata waɗannan abubuwa, ya amsa tambayoyinsu da gaskiya, dole ya san yadda abinci yake narkewa a jiki da yadda dafi yake aiki. Nan ne Kemistiri da Bayoloji, watau ilimin halittu, suke shigowa.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasa duka a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma, inda Kano take, sun fi rabi. Waɗannan 'ya'yanmu ne da na maƙwabtanmu, a ƙasar da take kai hatsi kasuwar Dawanau.

Abin da jami'a take nema

Na fari, takardar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO. Ɗalibi yakan rubuta darussa 8 ko 9. Sakamakon da ake kira kiredit shi ne A1, B2, B3, C4, C5 da C6. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne, amma ba a lissafa su a nan. Ana neman kiredit 5, a zama ɗaya ko a zama biyu, ba fiye ba. Domin wannan karatu, abin da yawancin jami'o'i suke so shi ne Turanci, da Lissafi, da Kemistiri, da Bayoloji ko ilimin aikin gona. Na biyar yakan fito daga darussa irin su Fiziks, ko Tattalin Arziki, ko Labarin Ƙasa, ko darasin abinci da gina jiki. Ba yawan kiredit kaɗai ake dubawa ba. Ana duba a waɗanne darussa aka same su. Abin da ya kā da yarinyarmu ke nan. Tana da shida, amma wanda ake nema ba ya ciki.

Na biyu, jarrabawar JAMB. An kafa hukumar a 1978, tun daga 2015 kuma a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Darussa 4 ne, maki 400. Turanci dole ne ga kowa. Sauran ukun sai sun dace da karatun da aka zaɓa, a nan kuwa galibi Kemistiri ne, da Bayoloji ko aikin gona, da wani guda bisa ga ƙa'idar jami'ar. Yaro zai iya cin maki mai yawa, a ƙi ɗaukarsa domin ya haɗa darussan da ba su ba ne. A 2025 an tsai da 150 ya zama mafi ƙarancin makin shiga jami'a, da shekara 16 mafi ƙarancin shekarun ɗalibi. Amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata makin sama da haka, da yawa kuma sukan sake tantance masu nema da kansu.

Na uku, takardun shaida. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN. Ku tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da ta NIN, da ta makaranta. A ƙauyukanmu yaro yakan tashi da sunan yanka, da na kakanni, da wanda malamin firamare ya rubuta masa. Idan takardu suka saɓa wa juna, gyaran yana cin kuɗi da watanni.

Ƙa'idodin nan sukan ɗan sāke daga jami'a zuwa jami'a, daga shekara zuwa shekara kuma. Saboda haka kada ku dogara ga abin da ɗan maƙwabci ya yi shekara 5 da suka wuce. A duba littafin JAMB na shekarar da za a nema. Yana kan intanet, kowane malamin sakandare mai waya zai iya buɗe muku shi ku gani tare.

Idan an shiga, me za a tarar?

Karatun shekara 4 ne, a waɗansu wurare 5. Shekara ta fari kusan duka kimiyya ce da Turanci da darussan da kowane ɗalibi yake yi. Mai shiga da zaton zai huta da lissafi, a nan yake gane kuskurensa. Daga shekara ta biyu ake shiga ainihin aikin: yadda jariri yake girma tun daga ciki, lokacin da ya kamata ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara magana, da alamun da suke nuna akwai damuwa, abincin mai ciki da mai shayarwa da wanda aka yaye, yadda wasa yake buɗe hankalin yaro, zaman aure da na gandu, kasafin kuɗin gida da ajiyar abinci, ɗinki da tsabtar muhalli. Kowane darasi yana da nauyinsa, sai an tara adadin da aka ƙayyade ake ba da digiri. Wanda ya faɗi darasin dole sai ya maimaita shi.

Ba a aji kaɗai ake zama ba. Mai koyon malanta za a tura shi makaranta ya yi koyarwar gwaji, malamansa su zo su duba shi. Akan tura ɗalibai wuraren aiki su yi watanni, akan sa su lura da ƙananan yara a makarantar reno su rubuta abin da suka gani. A shekarar ƙarshe kowa zai yi bincike nasa na kansa ya rubuta shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabon tsarin darussa a Disamba 2022, inda ita take tsara kashi 70 cikin 100, kowace jami'a kuma ta cika kashi 30 bisa ga bukatar yankinta.

Idan hanya ta fari ta toshe

Ba a nan duniya ta ƙare ba. Wanda ya yi Kemistiri a makaranta amma ya sami D7 zai iya sake rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, ya haɗa sakamako biyu. Wanda bai taɓa zama ajin Kemistiri ba kuwa, kada a ruɗe shi da cewa zai haddace karatun shekara 3 cikin wata biyu. Sai ya sami malami da lokaci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, ita ce kuma take gudanar da jarrabawar IJMB, wadda take kai ɗalibi aji biyu na jami'a.

Akwai kuma hanyar kwalejin horar da malamai, mai ba da takardar NCE bayan shekara 3. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan Bichi, a ƙofar gidanmu, tana da sashen ilimin kula da gida. A kwalejojin ilimi kuma akwai wani karatu dabam na renon ƙananan yara da koyar da su kafin firamare, wanda ba a cika neman Kemistiri dominsa ba. Mai NCE da sakamako mai kyau zai iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, cikin fannin da ya dace da abin da ya karanta. Hanyar ta fi tsawo, amma tana kaiwa, mai binta kuma yana da takardar koyarwa a hannu tun kafin ya kai ƙarshe.

Zancen kuɗi kuwa, a 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, domin masu karatu a manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa, ana fara biya shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa. Amma ku tuna rance ne, ranar biya tana zuwa.

Ina amfaninsa gare mu?

Mu mutanen wannan yanki mun san ƙasarmu. Gida yana hangen gida, gona tana jingine da gona, babu saura babu daji. Kowace damina ana noma fili ɗaya, da taki ake riƙe shi. Tun a 1965 wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa suka rubuta a kan cunkoson mutane da gonaki a kewayen Kano, jama'a kuwa sun ninka tun daga lokacin. Gonar da kaka ya bari, idan an raba wa 'ya'ya, aka sake raba wa jikoki, abin da ya rage kowa ya san shi. Lalle waɗansu 'ya'yanmu sai sun ci abinci da wani abu ban da fartanya. Waɗanda suka zauna a gona kuma suna bukatar mai nuna musu yadda ɗan abin da aka girbe zai gina jikin yara har wata kaka.

Mai wannan karatu zai iya koyarwa a sakandare ko kwaleji, ya riƙe makarantar reno, ya yi aiki a ofishin jin daɗin jama'a ko na harkokin mata, ya zama malamin gona mai zagaya ƙauyuka wurin mata, ko ya shiga aikin yaƙi da tamowa. Ba za mu ce muku aiki yana jiran kowa a bakin ƙofa ba, gama kun san halin da ake ciki. Ku sani kuma wannan takarda ba ta mai da mutum likita ko nas, waɗannan hanyarsu dabam ce. Ba kuwa karatun mata kaɗai ba ne. Ɗa namiji mai son yara da haƙurin koyarwa, kada a yi masa dariya a hana shi.

Abin da ya rage gare mu iyaye

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar fafe wannan gora ita ce lokacin da yaro yake aji uku na ƙaramar sakandare. A shekaran nan ku zauna da shi, ku tambaye shi abin da yake so ya zama. Ku je makarantar da ƙafarku, ko da ba ku yi boko ba, ku tambayi shugabanta abu uku. Akwai ajin kimiyya? Akwai malamin Kemistiri wanda yake zuwa aji? Akwai ɗakin gwaji da kayan aiki? Idan babu, ku nemi wata makarantar tun da wuri. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977 domin 'yan maza, daga baya aka buɗe na 'yan mata, da jarrabawa kuma ake shigarsu. Ku tambayi lokacin da ake rubuta ta.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku zaɓi aji domin ƙawa ko aboki yana can, ko domin an ce wani darasi yana da wuya. Ku fara tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Ku malamai da sauran waɗanda suka yi karatu a cikin danginmu, kada ku jira sai an zo muku da takarda a leda. Ku riƙa tambayar yaran unguwa ajin da suke, da darussan da suka ɗauka.

Yarinyar da muka fara da labarinta ta yanke shawara za ta nemi kwalejin horar da malamai, ta karanta renon ƙananan yara, daga can ta nemi jami'a. Ubanta ya daɗe shiru yana naɗe takardar. Da ya miƙe zai tafi sai ya juyo ya ce, "Malam, ƙanwarta tana aji uku na ƙaramar sakandare bana. Ran Litinin zan je makarantarsu da kaina."

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.